Jan Harafi a Rufin Asibiti

Wanda ya leƙo manyan asibitocin duniya daga sararin sama zai ga wata alama da ba domin masu tafiya a ƙasa aka zana ta ba: harafin H da jan fenti, zaune a tsakiyar wani farin zane mai siffar alamar tarawa ta lissafi. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, ita ce ta tsayar da wannan ƙa'ida. A sauran wuraren da jirgi mai saukar ungulu ke sauka, harafin fari ne. Asibiti kaɗai aka keɓe wa ja, domin matuƙi ya gane tun daga nesa cewa nan ce ƙofar da yake nema.

Ga mai kallo, dandamalin ba wani abin a zo a gani ba ne. Shimfiɗaɗɗen fili ne na kankare ko na alminiyam, faɗinsa mita ashirin da ɗoriya, da fitilu a gefe, da wata jakar ƙyalle da ke kaɗawa a kan sanda tana nuna inda iska ta dosa. Sai dai matuƙin da ya doso shi ɗauke da mutumin da jini ke tsiyaya a cikin cikinsa yana karanta alamar ne a matsayin alkawari: cewa a ƙarƙashinta akwai lif da ke jira, da likitan tiyata da ya riga ya wanke hannu, da jini a ma'ajiya, da wutar lantarki da ba za ta ɗauke ba. Shekara tamanin ke nan ana ɗaukar majinyata a jirgi mai saukar ungulu, kuma darasin da aka fi shan wuya kafin a koye shi shi ne cewa darajar wannan dandamali ba ta wuce darajar abin da ke ƙarƙashinsa.

Abin da fagen fama ya koyar

Tunanin ya girmi jirgin nesa ba kusa ba. A shekarun 1790, wani likitan tiyata na rundunar Faransa, Dominique-Jean Larrey, wanda daga baya ya shahara a yaƙe-yaƙen Napoleon, ya lura cewa akan bar sojan da aka raunata kwance a fage har sai ƙura ta lafa, kuma da yawa sukan cika kafin a kai gare su. Sai ya ƙirƙiro wasu kekunan doki marasa nauyi da ke kutsawa su kwaso masu rauni ana tsaka da gumurzu, aka yi musu laƙabi da kekunan jinya masu tashi saboda saurinsu. Tun daga nan aka fara ɗaukar lokaci a matsayin wani ɓangare na magani.

Tashin gaske sai a watan Afrilun 1944, a dajin Bama, ƙasar da ake kira Myanmar a yau. Wani ƙaramin jirgin Amurka ya faɗi a yankin da sojojin Japan ke iko da shi, da matuƙinsa da wasu sojojin Birtaniya uku da yake ɗauke da su zuwa jinya. Babu filin da jirgi mai fukafukai zai sauka. Laftanar Carter Harman ya je da wani jirgi mai saukar ungulu ƙirar Sikorsky YR-4B, wanda zafi da laimar dajin suka rage wa ƙarfi har ya zama mutum ɗaya kawai yake iya ɗagawa a kowane sawu. Injin ya yi zafi ya ƙi tashi, aka kwana, sannan aka ƙarasa washegari. Duka huɗun sun fita da rai. A wannan fage ne kuma, a wannan shekara, bataliyoyin sojojin Najeriya ke fafatawa cikin rundunar Chindit, wadda domin tallafa mata aka kai jiragen. Tsofaffin sojan da suka dawo Kano da Zariya da labarin yaƙin Bama sun taka ƙasar da aka fara wannan aiki a cikinta.

A yaƙin Koriya, daga 1950 zuwa 1953, abin ya zama tsari. Jirgin Bell H-13 yakan ɗauki mutum biyu, kowanne a kwance cikin wani akwati da aka ɗaure a gefen jirgin ta waje, ba mai duba shi har a sauka. Inda ake sauka shi ne sabon abu: wani sharen fili dab da tantunan asibitin tafi-da-gidanka na soja, wanda ake kira MASH, ta yadda 'yan taku kaɗan ne tsakanin jirgi da teburin tiyata. Wannan sharen fili shi ne kakan duk wani dandamalin asibiti na yau. An kwashi sama da mutum 17,000 ta wannan hanya. Daga cikin masu raunin da suka isa asibiti, kimanin kashi 4.5 cikin ɗari ne suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu, a Koriya kuwa adadin ya sauko zuwa kimanin kashi 2.5, ko da yake ƙarin jini da sababbin magungunan kashe ƙwayoyin cuta su ma suna da nasu kason yabon.

A Biyetnam, jirgin UH-1 da ake wa laƙabi da Huey ya zo da ciki mai faɗi, majinyaci ya dawo cikin jirgi, ma'aikacin jinya yana zaune a kansa yana tsayar da jini. Jirgin ya tashi daga abin sufuri zalla ya zama ɗakin jinya na farko.

Daga daji zuwa kwalta

A 1966, Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da wani rahoto da ya kira raunin haɗurra cutar zamani da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Rahoton ya bayyana cewa kusan rabin aikin ɗaukar majinyata a ƙasar yana hannun masu sana'ar shirya gawa ne, saboda motocinsu ne ke da tsawon da mutum zai kwanta. Ya kuma ruwaito cewa ƙwararrun da suka dawo daga Koriya da Biyetnam suna ganin wanda ya ji mummunan rauni a fagen yaƙi ya fi wanda mota ta buge a titin birni damar rayuwa. Maganar ta yi wa ƙasar ɗaci, kuma daga ita aka ɗora tubalin tsarin agajin gaggawa na zamani.

Amsoshi uku suka biyo baya, kowace da irin fahimtarta. A birnin Baltimore, likitan tiyatar ƙirji R Adams Cowley ya yi ta wa'azin abin da ya kira sa'ar zinariya, wato sa'a ta farko bayan rauni, wadda a ganinsa a cikinta ake yanke hukuncin rayuwa ko mutuwa. Ya nace cewa kada a tsaya da mai mummunan rauni a asibiti mafi kusa, a wuce da shi kai-tsaye zuwa cibiyar da ta ƙware, ko da ta fi nisa. Ya shawo kan 'yan sandan jihar Maryland suka ba da jiragensu, aka fara jigilar a 1970. Har yau ba a aika wa majinyacin da jirgin 'yan sandan jihar ya ɗauka takardar biyan kuɗi, domin ana tara kuɗin ne daga wani ƙari da aka ɗora a kan rajistar motoci.

A Jamus ta Yamma, inda sama da mutum 19,000 suka mutu a haɗurran mota a 1970 kaɗai, ƙungiyar masu motoci ta ADAC ta girke jirgi a asibitin Harlaching da ke Munik a ranar 1 ga Nuwamban shekarar, aka sa masa suna Christoph 1. Fahimtar Jamusawa ta sha bamban: babban aikin jirgin shi ne ya kai likita wurin majinyaci, ya daidaita numfashinsa da jininsa a bakin titi, sannan a yanke shawarar ko ta sama za a tafi ko ta ƙasa. A yau tashoshin irin waɗannan jirage sun haura 80 a faɗin ƙasar, kuma da yawansu a harabar asibitoci suke.

Amsa ta uku ta fito daga Denver a 1972, lokacin da asibitin St. Anthony ya zama na farko a Amurka da ya girke jirgin ceto na kansa da ma'aikatan jinyarsa. Cikin dalilan har da shirin karɓar baƙuncin wasannin Olamfik na hunturu na 1976, wanda masu zaɓe a jihar suka yi fatali da shi daga baya. Wasannin ba su zo ba, jirgin ya zauna, asibitoci da dama suka kwaikwaya.

Birtaniya ta makara. Jirginta na farko ya fara aiki a yankin Cornwall a 1987, na Landan kuma a 1989. Na Landan yana yini a rufin asibitin Royal London da ke unguwar Whitechapel, a saman bene mai hawa 17, ɗauke da likita da ƙwararren ma'aikacin agaji waɗanda kan buɗe ƙirjin mutum a bakin titi idan ta kama, kuma tun 2012 suke yawo da jini a cikin jirgi. Mafi yawan kuɗin aikin daga sadakar jama'a yake fitowa, kamar yadda Rega ta Suwizalan, wadda aka kafa a 1952, ke rayuwa da gudummawar shekara-shekara ta miliyoyin masu tallafa mata.

Mita ɗari na ƙarshe

Jirgin ceto yana gudun kilomita 220 zuwa 250 a sa'a, ba ruwansa da cunkoso ko lanƙwasar hanya. Amma duk mintunan da ya tara a sama ana iya zubar da su a ƙasa. Asibitin King's College da ke kudancin Landan, ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin kula da masu rauni na birnin, ya daɗe ba shi da dandamali. Jirgi yakan sauka a lambun shaƙatawa na Ruskin da ke maƙwabtaka, a sauko da majinyaci, a saka shi a motar asibiti, a zagayo da shi, abin da kan ci har minti 25. Da aka buɗe dandamali a rufin asibitin a 2016, lokacin ya koma kimanin minti biyar. Jirgin bai ƙara gudu ba. Abin da aka cire shi ne ɗagawa biyu da tafiyar mota ɗaya, kuma kowace ɗagawa dama ce ta bututun numfashi ya goce ko jinin da ya fara daskarewa ya sake ɓallewa.

Wannan ne ya sa masu zanen asibitocin zamani kan fara lissafi daga teburin tiyata su hauro sama. Akan keɓe lif guda wanda mabuɗi ɗaya ke riƙe shi a sama da zarar an ji jirgi na tafe, mai faɗin da zai ɗauki gado da na'urorinsa da mutum biyar ko shida, kuma ya buɗe kai-tsaye a ɗakin farfaɗo da masu rauni, dab da na'urar hoton ƙwaƙwalwa da ɗakin tiyata. A wasu asibitocin, gangare ake yi daga dandamali zuwa hawa na ƙasa da shi, domin gangare ba ya lalacewa.

Abin da ke faruwa idan aka yi sakaci da wannan ɗan taƙi ya bayyana a New Orleans a 2005, lokacin da guguwar Katrina ta nutsar da birnin. Asibitin Memorial yana da dandamali a saman ginin ajiye motoci, amma an daɗe ba a amfani da shi. Da ruwa ya kashe janaretoci, lif ya tsaya. Ma'aikata suka riƙa sauko da majinyata ta matakala cikin duhu da zafi, su zura su ta wata ƙaramar kafa a bangon ɗakin injina zuwa ginin motoci, a haura da su a bayan a-kori-kura, sannan a sake ɗaga su ta matakalar ƙarfe zuwa inda jirgi ke jira. Bayan komai ya lafa an sami gawawwaki 45 a asibitin. Dalilan mutuwar suna da yawa, wasu ma sun kai ga bincike da muhawara mai zafi, amma jinkirin kwashewa yana cikinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Japan ta koyi nata darasin ta wata fuskar. Girgizar ƙasar da ta afka wa Kobe a ranar 17 ga Janairun 1995 ta kashe sama da mutum 6,000, tituna suka rufta, asibitoci suka cika. Ƙasar tana da ɗaruruwan jirage masu saukar ungulu, amma majinyaci ɗaya tak aka ɗauka ta sama a ranar farko, saboda ba a tsara wanda zai kira jirgi ba, ba a tanadi inda zai sauka ba, ba a kuma san asibitin da zai karɓa ba. Daga wannan takaici aka haifi shirin jirgin likita na ƙasar, wanda ya fara aiki a hukumance a 2001, aka kafa masa doka a 2007.

Nauyin da rufi ke ɗauka

Ɗora jirgi a kan ginin da ke cike da marasa lafiya aiki ne da injiniya ke yi zuciyarsa na dukan uku-uku. Ƙaramin jirgin ceto irin H135 yana da nauyin kusan tan uku, manyan jiragen ceto na gaɓar teku irin S-92 kuwa suna kai tan 12. Ƙa'idar Amurka ta ce a gina dandamali ya jure ninki ɗaya da rabi na nauyin jirgi mafi girma da zai sauka a kansa, saboda ranar da saukar za ta zo da ƙarfi. Akan rubuta iyakar nauyin da girman jirgin da wurin zai iya ɗauka da manyan lambobi a kan dandamalin, matuƙi ya karanta kafin ya sauka. Ana kewaye shi da ragar ƙarfe a kwance maimakon katanga, domin katanga na iya kama farfelar wutsiya. Ana karkata shi kaɗan, da magudanar da ba ta haɗuwa da ta ruwan sama, don kada man da ya zube ya gangara cikin gini yana ci da wuta. Ana buƙatar mafita biyu ga mutane, da hanyoyin shigowa biyu ga jirgi, tun da yake jirgi yana son fuskantar iska a sauka da tashi. A King's College, kan bututun kashe gobara a cikin daɓen dandamalin suke, suna fesowa da kansu cikin daƙiƙu.

Akwai kuma abubuwan da asibiti kaɗai ke da su. Maganaɗisun na'urar MRI yana iya rikita kamfas ɗin jirgi. Hayaƙin injin na iya shiga ta kafofin da ke zuƙo iska zuwa ɗakunan tiyata. Ƙara da girgiza suna isa ɗakin jarirai bakwaini. Maƙwabta su ma ba su cika murna da rurin inji da tsakar dare ba, shi ya sa wasu dandamalan ke da izinin aikin rana kawai.

Haɗarin da aka fi raina shi ne iskar da farfela ke turowa ƙasa. A watan Afrilun 2021, wani jirgin sojan Amurka ƙirar Osprey da ya je atisaye asibitin Addenbrooke's da ke Cambridge ya ɗaɗɗage shimfiɗar dandamalin yayin tashi, aka rufe wurin na wani lokaci. A ranar 4 ga Maris 2022 kuwa abin ya zo da ajali: wani S-92 da ke sauka da majinyaci a asibitin Derriford da ke Plymouth ya turo iskar da ta kayar da wata tsohuwa mai shekara 87 da ke tafiya a wurin ajiye motoci, ta rasu sakamakon raunin da ta ji a kai. Masu bincike sun gano cewa ba a yi wa haɗarin wannan iska ga masu wucewa tanadin da ya kamata ba. An zo ceton rai ɗaya, an rasa wani.

A Amurka, 2008 na cikin shekaru mafiya muni ga jiragen ceto. A ranar 29 ga Yuni, jirage biyu da ke ɗauke da majinyata suka doshi dandamali ɗaya na asibitin Flagstaff a jihar Arizona a lokaci guda, suka yi karo a sama, mutum bakwai suka mutu. Matuƙan ba su ga juna ba, saƙon da ya kamata ya gargaɗe su kuma bai isa yadda ya dace ba. Dandamalin asibiti ba shi da hasumiyar kula da zirga-zirga irin ta filin jirgin sama. Abin da ke tsare shi shi ne rediyo, da mutumin da ke zaune a gabanta, da ɗabi'ar bin ƙa'ida ko da ana gaggawa.

Shin kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Sa'ar zinariya kanta ba ta tsira daga tuhuma ba. A 2001, wasu masu bincike biyu, Lerner da Moscati, suka bi diddigin maganar, ba su sami wata hujjar kimiyya da ta ware minti sittin daidai ba. Jiki ba ya aiki da agogon bango: wanda babbar jijiyar jininsa ta tsinke ba shi da ko minti goma, mai karaya a ƙafa kuwa yana iya jiran sa'o'i. Amma ruhin maganar ya sami goyon baya daga Afganistan. A 2009, sakataren tsaron Amurka Robert Gates ya ba da umarnin a riƙa kai sojan da ya ji mummunan rauni wurin tiyata cikin sa'a guda. Binciken da aka wallafa daga baya ya nuna cewa matsakaicin lokacin jigila ya sauko daga minti 90 zuwa 43, mace-mace suka ragu, kuma ba da jini da wuri yana cikin abubuwan da suka fi tasiri.

A rayuwar farar hula amfanin yana nan, amma ya fi ƙanƙanta. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2012 ya kiyasta cewa sai an ɗauki masu mummunan rauni kimanin 65 ta sama zuwa babbar cibiya kafin a ceci rai ɗaya da motar asibiti ba za ta ceta ba. Ga iyalan wannan mutum ɗaya, lissafin ya gama biya. Ga mai rarraba kasafin lafiya, tambaya ce mai nauyi, musamman ganin cewa a cikin birni, a tazarar da ba ta da yawa, mota kan riga jirgi isa idan aka haɗa da lokacin tayar da inji da neman wurin sauka.

Sai batun wanda zai biya. A Amurka, wata dokar 1978 da ta sakar wa kamfanonin jiragen sama mara ta hana jihohi ƙayyade farashin jiragen ceto. Ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin ƙasar ya gano cewa a 2017 matsakaicin abin da ake caji a sawu ɗaya ya kai kimanin dala 36,400. Mutane da dama sun farfaɗo suka tarar da bashin tafiyar da ba su san an yi da su ba, har sai da wata doka da ta fara aiki a 2022 ta taƙaita hakan ga masu inshora. Kusa da su, Maryland tana gudanar da aiki iri ɗaya ba tare da caji ba. Jirgin ɗaya ne, alamar ɗaya ce, bambancin yana ga abin da al'umma ta yanke cewa haƙƙin kowa ne.

Inda hanya ta yi nisa

A Afirka da makamantan wurare masu faɗi, tarihin ya bi wata hanya, domin jirgi mai saukar ungulu ba ya cin dogon zango. Likitocin sama na Ostiraliya, waɗanda John Flynn ya kafa a 1928, da na AMREF da aka kafa a Kenya a 1957, jirage masu fukafukai suka dogara da su, da filayen sauka na turɓaya. A Najeriya, masana'antar man fetur ce ta fi sabawa da kwashe majinyata ta sama daga rijiyoyin cikin teku da fadamun Neja Delta, sai kamfanoni masu zaman kansu irin Flying Doctors Nigeria da Dakta Ola Orekunrin ta kafa, waɗanda galibin masu amfani da su kamfanoni ne da masu inshora.

Arewa tana da nata sharuɗɗan da kowane matuƙi zai lissafa. Hazon hunturu da ke hana manyan jirage sauka a Kano ya fi tsananta wa jirgin da ke tafiya ƙasa-ƙasa da ganin ido. Zafin bazara yana sa iska ta yi sako-sako, farfela ta rasa abin kamawa, jirgi ya rage kayan da zai iya ɗagawa, matsalar da ta addabi Harman a Bama tun 1944. Duk da haka buƙatar ba ɓoyayya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu wajen haihuwa a duniya a 2020 a Najeriya suke, kuma zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace mai lafiya cikin sa'a biyu. Jihar Kaduna ta gwada juya lissafin a 2022, ta hanyar jirage marasa matuƙa na kamfanin Zipline da ke kai magunguna da kayan jinya ƙananan asibitoci, kamar yadda Ruwanda ta fara da jini a 2016. Wani lokaci kai ledar jini wurin majinyaciya ya fi kawo majinyaciya wurin jini sauƙi da arha.

Dandamali abu ne mai daɗin ƙaddamarwa. Yana ɗaukar hoto, ana yanka masa ƙyalle, kuma daga sama yana sa asibiti ya yi kama da na ƙasashen da suka ci gaba. Saboda haka duk ranar da wani gwamna ko shugaban asibiti ya yi shelar gina shi, akwai tambayoyin da suka cancanci amsa kafin tafi. Minti nawa ne daga jan harafin zuwa teburin tiyata, kuma an taɓa auna su da agogo? Wa ke ɗaga waya idan aka kira 112 da ƙarfe uku na dare, kuma wa ke da ikon tayar da jirgi? Leda nawa ta jini ke cikin ma'ajiya a wannan daren? Idan wuta ta ɗauke, lif zai motsa? Manomin da tirela ta buge a hanyar Zariya zai hau, ko sai mai katin inshorar kamfani? Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Cowley, wanda ya fi kowa tallata jirgin ceto, bai fara da jirgi ba. Ya fara ne a farkon shekarun 1960 da wani ɗaki mai gado biyu a asibitin jami'ar Maryland, inda ya tara likitoci da ma'aikatan jinya da ba sa barin wurin dare da rana, suna nazarin abin da ke kashe mai rauni da yadda za a tare shi. Sai da ya shafe kusan shekara goma yana gina wurin da ya cancanci a kawo masa majinyaci, sannan ya je neman abin da zai kawo shi.